Makullin Akwatin Ƙorafi

Asabar da hantsi

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Inna ta ce kun daina shafa maganin tun ranar da ya fara aiki, wai ai an warke. Don Allah ku ci gaba da shafawa. Jikokinku da surukinku suna gaishe ku. Na san in na kira a waya za ku ce ba ku ji, alhali rediyonku ko an rage masa murya ba abin da ke wuce ku, to ga takardar da kuke so. In kun gama kada ku dawo mini da ita da jan biro kamar waccan.

Shawara nake nema, don kun yi shekara talatin da biyar a gaban allo, ni kuwa ban kai goma ba. Farkon zangon nan aka aiko da umarni daga sama cewa kowace makarantar gwamnati ta kafa akwatin ƙorafi, saboda cin zalin da yara ke yi wa junansu. Hedimasta ya sa kafinta ya ƙera na katako, aka shafa masa koren fenti, aka kafe shi a baranda tsakanin ofishin malamai da famfo. Yaro ya rubuta abin da ake yi masa, kada ya sa suna, ya jefa. Da aka zo neman mai buɗewa, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya, ni kuma da bakina ba ya shiru na ce ai abu ne mai kyau. Shi ke nan aka miƙo mini makulli. Na biyun yana hannun Maigadi, don shi ke riƙe da na biyun kowane kwaɗo a makarantar, duk a zobe ɗaya da ke rataye a ƙugunsa.

Yawancin takardun daga ajina suke fitowa, don ni ce na fi matsa wa yara su rubuta. Yara sittin da huɗu gare ni, uku-uku a benci, wani bencin ma huɗu. A can bencin baya akwai wata yarinya da suke kira Kwamanda, ta maimaita aji sau biyu, ta fi ni tsawo, tana da ƙawaye biyu da ba sa rabuwa da ita. In kun ga yadda take gaishe ni, kun ce ita ce ta fi kowa ladabi. Su ne ke ƙwace wa ƙanana abincin da suka zo da shi, su sa su yi musu aikin gida, wanda ya ƙi a tare shi a bayan banɗaki. Kuma 'yar ƙanwar Mataimakin Hedimasta ce, ku riƙe wannan a ranku.

An ce kada a sa suna, amma kun sani malamin da ke duba littafin yaro kullum ba ya buƙatar suna. Ina buɗe takarda nake gane hannun mai ita. Na yi wa kaina dabara, ban taɓa kiran yaro ofis ba, don kada a gan shi yana shiga a ce ya kai ƙara. Abin da nake yi, sai in bar kwana ɗaya ya wuce, sannan in ce wane, da alama ba ka ganin allo daga nan, dawo bencin gaba kusa da teburina. Ta haka yana ƙarƙashin idona, ba mai taɓa shi a aji.

To ga abin da ya tayar mini da hankali. Na farkon da ya rubuta wani yaro ne mai tabarau. Kwana uku bayan takardarsa aka take tabaraun a ƙasa, aka rubuta masa “ɗan akwati” da alli a bayan jaka. Ta biyu 'yar mai burodi ce, ita ma ba a yi mako ba aka juye mata ruwa cikin littattafai, aka kira ta da wannan sunan. Da Hedimasta ya tambaye su, shi ya ce faɗuwa ya yi, ita ta ce gorarta ce ta zube. Kwamanda kuwa har da hawaye, ta ce ita kullum ita ake gani.

Baba, ta yaya suka sani? Ban gaya wa kowa ba, ko surukinku. Takardun suna cikin fayil a lokar ajiyata da ke ofishin malamai. Wani yana buɗe akwatin nan kafin ni, yana kai musu labari. Makulli biyu ne, kuma na san inda nawa yake kwana.

Jiya na sami wata takardar da ta tsaya mini a rai. Rubutun ya kwanta ta baya, na bahago, kuma bahaguwa ɗaya gare ni, 'yar wani tela da ke layin bayan makaranta. Ƙarama ce ƙwarai, ba ta da magana, amma a lissafi ba mai kama ƙafarta, kafin in gama rubuta tambaya hannunta yana sama. Ta ce tun bara take yi wa mutum uku aikin gida, in ta yi kuskure su murɗe mata kunne. Ta cika takardar har ƙasa da ƙananan haruffa. Ranar Litinin zan dawo da ita gaba, kuma wannan karon zan sa ido sosai.

Ku gaishe mini da Inna, ku ce ina nan tafe in an yi hutu. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarku,
Malama Ƙarama

Lahadi da yamma

Babana,

Assalamu alaikum. Na sami amsarku ta hannun direba, na gode, kuma na ga kun yi haƙuri, wuri biyu kawai kuka ja wa layi. Na ji daɗi da kuka ce gwiwa ta yi sauƙi har kuna zagaya lambu. Yaya Inna da ciwon kan nata? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Na mayar da 'Yar Tela gaba ranar Litinin. Da na kira ta ta daɗe ba ta tashi ba, tana kallona, har sai da na maimaita. Na ɗauka kunya ce. Ranar Alhamis da aka tashi, a cikin turmutsutsun bakin ƙofa, wani ya bi bayan rigarta da reza daga kafaɗa har ƙugu. Allah ya tsare bai taɓa fata ba. Haka ta tafi gida tana riƙe da rigar ta baya da hannu ɗaya.

Washegari ubanta ya zo, tef ɗin awo a wuyansa, rigar a ninke cikin leda. Na yi zaton zai yi faɗa, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya shimfiɗa rigar a teburin Hedimasta, ya nuna mana yankan, ya ce shi da kansa ya ɗinka ta, kuma ya san yankan reza in ya gani. Ya ce riga zai iya ɗinke ta sau goma, amma yarinya ba zai iya ba. In aka sake taɓa ta, zai cire ta ya zaunar da ita a shago kusa da shi. Bai ɗaga murya ba, kuma na san zai aikata. Na yi masa alkawari da bakina cewa zan gano mai kai labarin. Baba, yarinyar nan ba ta shago ba ce, in aka cire ta na san ba za ta sake dawowa ba.

Tun ranar na zama wata iri. Na barbaɗa garin alli a kan murfin akwatin da aka tashi, da safe na tarar an goge tas. Na ɗaura baƙin zare siriri a jikin kwaɗon, washegari babu shi. Wa ke makarantar bayan an tashi, in ba Maigadi ba? Sannan na lura duk lokacin hutun ƙarfe goma sai ya baro ƙofa ya zo ya tsaya a baranda daidai akwatin, ya juya baya kamar mai kallon fili. Mai gadin ƙofa me ya kawo shi baranda? Ranar Talata da idona na ga Kwamanda ta makara, ya buɗe mata, suka yi 'yar magana har tana dariya.

Sau biyu yana tare ni a bakin ƙofa, yana cewa yana da magana a kan akwatin nan in na sami lokaci. Na ce ba ni da shi. Ya ga na fara gano shi ne yake so ya riga ni, ya shirya mini labari. Kun rubuta cewa in zauna da shi in ji ta bakinsa kafin in zarge shi. Baba, masu gadin zamaninku daban ne. Wannan in na zauna da shi, zai san iyakar abin da na sani.

Na kuma gwada wata dabarar. Na rubuta takardar ƙarya da hannun hagu, kamar wani yaro ne ke ƙorafi, na jefa da kaina. Na jira mako guda, ba wanda aka taɓa, ba wanda aka kira da suna. Da farko na rasa gane kan abin, daga baya na fahimta. Duk wanda ke karantawa ya gane ba hannun yaro ba ne. Maigadi karatunsa bai kai nan ba, ke nan shi buɗewa kawai yake yi, akwai malamin da yake kai wa. Wane malami ne ke da 'yar ƙanwa a bencin baya? Tun ranar in Mataimaki ya tambaye ni yaya akwati, sai in ce lafiya, in dube shi cikin ido. Shi kuma sai ya yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa, ko a jikinsa.

Yanzu ko jakata ba na bari a ofishin malamai, da ita nake shiga aji. Malamar Turanci da muke cin abinci tare ta tambaye ni ko ta yi mini laifi ne. Na ce a'a, amma na tuna ita ce lokarta ke manne da tawa. Surukinku ya ce in na bar koyarwa zai nema mini aikin ɗan sanda. Ban yi dariya ba.

Gobe zan sami Hedimasta a kan a karɓe makullin Maigadi a sauya kwaɗo. Ku sa ni a addu'a. Ku gaida Inna da kyau.

'Yarku,
Malama Ƙarama

Juma'a bayan an tashi

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ku da Inna. Ku yafe mini gajeriyar gaisuwa.

An karɓe makullin. Hedimasta bai so ba, ya ce mutumin nan ya shekara goma sha tara a ƙofar nan ko alli bai taɓa ɓata ba, amma na nace, na lissafa masa garin alli da zare da tsayuwar baranda. Aka kira Maigadi ofishin malamai, kowa yana zaune. Ya daɗe yana fama da zoben kafin makullin ya fita, don farcensa ya yi kauri, ba kuma wanda ya tashi ya taimaka masa. Ya ajiye a tebur, ya ce Allah ya bayyana gaskiya, ya fita. Na sayo sabon kwaɗo da kaina, makullansa duka biyu na zura su a igiya na rataya a wuya, da su nake wanka.

Da yaran suka ga sabon kwaɗo, wani ƙaramin yaro ya yi ƙarfin hali ya rubuta. Ni kaɗai na buɗe, ni kaɗai na karanta, na ninke na sa cikin rigata. Na dawo da shi gaba ranar Talata. Ranar Laraba aka jefa takalmansa kan rufin aji, ya koma gida ba takalmi, ana bin sa ana ce masa ɗan akwati.

Jiya kuma abin da nake tsoro ya faru. 'Yar Tela ta sunkuya tana shan ruwa a famfo, aka tura kanta ta baya, bakinta ya bugi ƙarfen. Haƙorinta na gaba ya karye. Yara sun fi talatin a wurin, duk wanda na tambaya sai ya ce yana kallon wani wajen. Ni na wanke mata bakin, na riƙe ta har ubanta ya iso. Bai shiga ofis ba wannan karon. Ya ɗauki jakarta ya rataya a kafaɗarsa, ya kama hannunta, ya dube ni ya ce Malama an gode. Yau wurinta a bencin gaba babu kowa, sai na riƙa mantawa ina juyawa wajen in na rubuta tambaya.

An dakatar da Kwamanda mako ɗaya, don wannan karon mai shara ta hango ta, kuma Mataimaki da kansa ya sa hannu a takardar, abin da ya ƙara rikita ni. Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Makulli yana wuyana, Baba. To ta ina labari ke fita? Na duba bayan akwatin ko an cire katako, na zura waya ta ramin in ga ko takarda za ta fito, ba ta fitowa. Har na tsare babbar jikarku ina tambayarta ko tana taɓa mini kaya, ko tana da ƙawa a ajina, yarinya ta fashe da kuka. Surukinku ya ce abin nawa ya fara wuce gona da iri, kuma ban iya musa masa ba.

Kun sake cewa in je in ji ta bakin Maigadi. Da wane ido zan dube shi? Amma tunda kun faɗa sau biyu, kuma ba ni da sauran dabara, zan je.

Ku yi mini addu'a, ku yi wa yarinyar nan.

'Yarku,
Malama Ƙarama

Alhamis da la'asar

Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da gaisuwa irin ta 'ya da uba, da fatan ku da Inna kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji an ce tumatirinku ya yi kyau bana har kuna rabawa maƙwabta, ku ajiye mana namu. Wannan takardar ku karanta ta ku kaɗai tukuna, kafin ku karanta wa Inna.

Na je wurin Maigadi ranar Juma'ar da na rubuto muku. Na same shi a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa yana gyaran tocila. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, shi ya zauna a kan bokiti. Na ce na zo jin maganar da ya ce yana da ita. Bai yi mini gori ba, ko kaɗan.

Ya ce garin allin shi ya goge, don kullum da safe yana bin akwatin da tsumma, yana ganin abin gwamnati ne bai kamata ya yi datti ba. Zaren ya ɗauka wasan yara ne ya tsinke. Tsayuwar baranda kuwa, ya lura 'yan bencin baya suna zama a gindin bishiya suna kallon mai jefa takarda, shi ya sa yake zuwa ya tare musu da jikinsa. Sannan ya ce ai yaran ba sa buƙatar makulli. Shi a ƙofa yake, yana jin hirarsu in suna fita, kamar ba mutum ba ne a wurin. Tun makon farko suka gane cewa duk wanda Malama ta ce ba ya ganin allo, shi ne ya rubuta. Har suna suka sa wa bencin gaba, bencin 'yan akwati. Ya ce abin da ya so gaya mini ke nan tun kafin a yanka rigar yarinyar.

Baba, a kujerar nan na gane komai. Na lissafa su ɗaya bayan ɗaya, mai tabarau, 'yar mai burodi, 'Yar Tela, mai takalma. Takardar ƙaryata kuwa ba wanda aka taɓa saboda ba wanda na tayar daga wurinsa. Kusan wata biyu ina neman mai kai labari, ina zargin tsoho da abokan aikina da 'yar cikina, ashe ni ce nake tsayawa gaban yara sittin da huɗu ina nuna musu shi da yatsa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ai don yara nake yi. Na ce a gaban mutane na ci mutuncinsa, a gabansu zan ba shi haƙuri.

Ranar Asabar na tafi shagon telan. Ɗaki ɗaya ne, keken ɗinki biyu, ƙyallaye a ƙasa ko'ina. Yarinyar tana zaune a lungu kan tabarma tana ɗinka maɓalli, ta rufe baki da gefen mayafi. Na gaya wa ubanta komai, ban rage ba. Na ce na yi masa alkawarin gano mai kai labari, na gano, ga ni. Ya tsayar da keken. Ya ce ya ji daɗi da ban ɓoye ba, amma shi ba zai tura ta ba, ba zai kuma hana ta ba, haƙorinta ne ya karye, ita za ta faɗa.

Na juya wajenta na ce ta yafe mini, ban san abin da bencin nan yake nufi ba. Ba ta ɗago ba. Ta cikin mayafin ta ce, “Malama, ai na rubuta miki a bayan takardar.” Daga nan ta ci gaba da maɓallinta.

Daga shagon makaranta na wuce. Ranar hutu ce, ko'ina a kulle, Maigadi ne ya ciro zobensa ya buɗe mini ofishin malamai. Na ɗauko fayil na zaro takardarta. Na karanta takardar nan ta fi sau ashirin, na ɗaga ta a rana ina neman shatin yatsun wani, na auna ninkinta ko an sake ninkewa, amma ban taɓa juya ta ba. Gaban ya cika, shi ya sa ta ƙarasa a baya, layi ɗaya da fensir: “Don Allah Malama kada ki mayar da ni bencin gaba, za su gane.”

Na zauna na yi kuka, Maigadi yana tsaye a baranda ya juya baya kamar yadda ya saba.

Ranar Litinin na mayar masa da makulli ɗaya a ofishin malamai, kowa yana zaune, na faɗi abin da na yi. Mataimaki ma na ba shi haƙuri, ya ce ai ya daɗe da sanin ina zarginsa, kallon da nake masa ko shayi ba ya barin mutum ya sha. Muka cire akwatin daga baranda muka mayar da shi lungun ɗakin karatu, inda kowa ke shiga shi kaɗai. A aji na tayar da yaran duka, na rubuta lambobin benci a ƙananan takardu na zuba a kwali, kowa ya ɗauka ya zauna inda ya samu, na ce haka za mu riƙa yi duk bayan mako biyu. Kwamanda sai yau ta dawo daga dakatarwa, ƙuri'ar da ta rage mata ta faɗa bencin gaba, daidai hancina, ƙawayenta kowacce a wata kusurwa. Ba ni na shirya ba, amma ban yi baƙin ciki ba. An kira iyayensu ranar Litinin mai zuwa, mai shara da Maigadi za su faɗi abin da suka gani, ba sai an tsayar da wani yaro ya ba da shaida ba. Na ɗaukar wa 'Yar Tela tata ƙuri'ar, ta faɗa layi na huɗu gefen taga. Na aika wa ubanta da lambar.

Litinin ba ta zo ba, Talata ma haka. Jiya Laraba muna tsakiyar lissafi na gan ta a bakin ƙofa, rigar an ɗinke ta da ɗinkin da sai ka matso za ka gani. Ba ta shigo ba sai da ta ƙirga bencin da ido, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ta wuce ta zauna. Na rubuta tambaya a allo, na san ta san amsar, don na ga fensirinta ya tsaya kafin na kowa. Ba ta ɗaga hannu ba, yau ma ba ta ɗaga ba. Ban kira ta ba, kuma ba zan kira ta ba sai ranar da ta ɗaga da kanta.

Takardarta tana cikin rajistar ajina yanzu, bayanta a sama, ita nake fara gani kullum kafin in kira suna.

Ku gaishe mini da Inna. In kun ga kuskure a wannan, ku ja masa layi, ba zan yi ƙorafi ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya bar mana ku.

'Yarku mai ƙaunarku,
Malama Ƙarama